Tambaya da Amsa: Dala nawa ke riƙe gida a Ekwado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin kwamfuta ta intanet, ana biyana dala 2,000 a wata. An ce rayuwa da sauƙi a Ekwado, can Kudancin Amurka. Wannan kuɗi zai riƙe ni da maiɗakina da ɗanmu ɗaya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Zai riƙe ku har da rara, muddin daga waje kuɗin ke shigowa. Wanda zai je neman aiki a can, lissafinsa daban ne, domin mafi ƙarancin albashi a 2025 dala 470 ne. Tun shekarar 2000 ƙasar ke amfani da dalar Amurka, saboda haka babu asarar canji, babu fargabar faɗuwar kuɗi cikin dare.

Mu ɗauki birnin Kwenka, inda baƙi da yawa ke zama. Gida mai ɗaki biyu ba kayan ɗaki yakan kama dala 300 zuwa 450 a wata, mai kaya kuma ya kai 500 zuwa 700. Kafin ka sa hannu, tambayi ko kuɗin kula da bene, wanda suke kira alikwota, yana cikin hayar, don nan ne baƙo ke shan mamaki a ƙarshen wata. Za a kuma karɓi ajiyar wata guda. Gidajen da ake tallatawa da Turanci sun fi tsada. Ka sauka a masauki mako biyu, ka zaga unguwa da ƙafa kana duba allunan haya.

Birnin yana kan tsauni, kusan mita 2,500, sanyinsa kamar na Jos da safiyar hunturu, shekara zagaye. Ba ka buƙatar fanka balle na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa kuɗin wuta ba ya da yawa. Tukunyar gas mai kilo 15 gwamnati ke tallafa mata, ana kawo ta ƙofar gida a kan dala uku ko ƙasa da haka, da ita ake girki da ɗumama ruwan wanka. Bas a cikin gari bai kai rabin dala ba. Amma ka sayi fitila mai caji: a ƙarshen 2024 fari ya rage ruwan madatsun lantarki, aka riƙa ɗauke wuta har awa 14 a rana.

Abinci shi ne inda arahar take, idan kasuwa za ku riƙa zuwa. A kasuwar Feria Libre da ke Kwenka akwai ayaba, dankali, rogo, shinkafa da kifi, kuma in kin saba da mai tebur, Hajiya, za ta ƙara miki abin da suke kira yapa, wato gyara irin tamu. Ku riƙe ƙananan kuɗi, don takardar dala 20 ma wuyar canji take, ta 50 da ta 100 kuwa sau da yawa ba a karɓa. Abincin rana na gidan abinci, miya da shinkafa da nama da ruwan 'ya'yan itace, kusan dala uku ne. Sai dai a nan muke jan kunne: naman alade da kitsensa sun shiga girkin mutanen tsaunuka sosai, har a soyayyen dankali da dafaffiyar masara. Ku koyi kalmar chancho, wato alade, ku tambaya kafin a zuba. Akwai masallacin Assalam a Kito, babban birni, can ne za a nuna muku inda ake samun naman yanka.

Kayan waje suna da tsada saboda haraji, ga harajin saye da ya koma kashi 15 cikin ɗari a Afrilun 2024. Waya da kwamfuta ka taho da su daga gida.

Babban kashe kuɗi yana bakin ƙofa. Ɗan Najeriya ba ya shiga Ekwado sai da biza tun 2010. Bizar mai aiki daga nesa tana neman shaidar samun ninki uku na mafi ƙarancin albashi, dala 1,410 ke nan a 2025, da ƙari a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, da inshorar lafiya, da takardar shaidar rashin laifi da aka tantance aka fassara zuwa Sifaniyanci. Takardar tana da wa'adi, in ka karɓe ta da wuri sai ta mutu kafin a duba fayil ɗinka. Babu jirgi kai-tsaye, kuma bi ta Madrid ko Amsterdam yana buƙatar bizar wucewa. Ka ware kuɗin zaman wata uku, ban da na jirgi.

Maganar tsaro kuma, da iyali kake tafe: ka nisanci Gwayakil da garuruwan gaɓar teku, inda rikicin 'yan daba ya sa Shugaba Daniel Noboa ya fito da sojoji a Janairun 2024. Kwenka ta fi su kwanciyar hankali.