Motar lantarki tana da tsafta kamar yadda ake faɗa?

Tambaya: Ina jin ana ta yaba motocin lantarki, wai ba sa gurɓata iska. Iri nawa ne? Kuma wutar da ake yi musu caji da ita, ba daga kwal da gas take fitowa ba?

Amsa: Ka taɓo inda gizo ke saƙar. Amma bari mu fara rarrabe su, don ba halinsu ɗaya ba.

Akwai mai batir zalla, irin Tesla da Nissan Leaf: ba tanki, ba salansa. Akwai mai haɗa injin fetur da ƙaramin batir, kamar Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997. Ita ba a jona ta da wuta, batirinta daga inji da taka birki yake cika. Ta uku tana da inji kuma ana jona ta, takan yi kilomita 50 ko fiye da batir kafin inji ya karɓa. Wannan ce ke damuna, domin in mai ita ya yi kasalar caji, ta koma motar fetur mai dakon batir a banza. Ta huɗu tana aiki da haidurojin, wata iska da motar ke samar da lantarki da ita, kamar Toyota Mirai. Ruwa kawai take fitarwa, sai dai yawancin haidurojin ɗin daga iskar gas ake samar da shi.

To, ga lissafin caji. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 ta saki kilo 16 ke nan. Mai batir tana cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a wannan tafiyar, kuma tashar kwal tana fitar da kusan kilo ɗaya a kan kowane yunit. Ka ga in da kwal zalla aka yi cajin, ko da janareta mai shan dizal, kusan kunnen doki suka yi. Hayaƙin bai ɓace ba, wuri ya sauya.

Sai dai da wuya ka sami ƙasar da kwal kaɗai ke ba ta wuta. A Norway kusan kashi 90 cikin 100 na lantarki daga madatsun ruwa ne, Faransa kuma nukiliya ce ke ba ta kusan kashi biyu cikin uku. A can tazarar hayaƙi tsakanin mai batir da ta fetur tana da yawa ƙwarai. A Indiya, inda kwal ke bayar da fiye da kashi 70, ribar ba ta kai haka ba.

Kada a manta da batirin. Haƙo ma'adanan da ake yin batir da su, wato litiyom da kobal (mafi yawan kobal daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa), da ƙera batirin kansa, suna sa motar ta bar masana'anta da bashin hayaƙi fiye da ta fetur. Tafiya ce ke biyan bashin, cikin shekara ɗaya ko biyu inda wuta ke da tsafta, ya kuma ja lokaci inda kwal ya yi yawa.

In kana da zaɓi, yi caji da tsakar rana a inda ake da sola, ka guji bayan faɗuwar rana, lokacin da ake tayar da tashoshin gas don cike giɓi.