Filin Tambayoyin Masu Karatu: Haɗa Saba ta Tafi-da-Gidanka a Cikin Akwatin Ƙarfe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke bayan garin Funtuwa. Duk shekara muna tura ɗalibai jarrabawar JAMB alhali da yawansu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. Muna da tsofaffin kwamfutocin cinya goma sha biyar, kuma ina so in haɗa saba guda ɗaya mai ɗauke da tambayoyin gwaji, wadda zan riƙa ɗaurawa a babur ina zagaya makarantu huɗu da ita, domin babu intanet mai ƙarfi a wuraren, wuta kuma sai an ga dama. Ina da akwatin ƙarfe na tun zamanin makarantar kwana, mai walda na unguwarmu ya ce zai iya yanka mini shi yadda nake so. Shin wannan abu mai yiwuwa ne, kuma da me zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai, kuma buƙatar da ka kawo ta gaske ce, domin tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ɗan ƙauyen da bai saba da na'ura ba yana shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu a kansa. Sai dai ina roƙonka ka dakatar da mai walda tukuna. Kuskuren da masu irin wannan aiki suka fi yi shi ne su fara da akwatin, su yanke shi, su fente shi, sannan su dawo suna neman kayan da za su shiga ciki. Wuta da zafi su ne za su faɗa maka girman akwati da inda za a huda shi, don haka da su za a fara lissafi, akwatin kuwa shi ne na ƙarshe.

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce kawai da aka ɗora wa aikin yi wa sauran na'urori hidima, kuma aikin da ka bayyana ba ya buƙatar ƙatuwar na'ura. Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne uwar allo, wato babban allon da sauran sassan kwamfuta ke haɗuwa a kai, mai girman da ake kira Mini-ITX, wadda kamfanin VIA ya fito da ita a 2001, tsawonta da faɗinta santimita 17 kowanne. Ka kwatanta da ATX na kwamfutar tebur da aka saba gani, mai santimita 30.5 da 24.4, za ka ga irin wurin da ka tsira da shi. Akwai irin waɗannan alluna da ke zuwa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, samfurin Intel N100 a manne, wadda aka ƙera ta a kan wat 6 kacal, kuma idan ka haɗa allon da ma'adanar RAM mai gigabayit 8 ko 16 da faifan ajiya da na'urar raba Wi-Fi, cin wutar duka zai tsaya a wajajen wat 25. Wasu za su ce maka ka ɗauki Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai allo ɗaya, domin ya fi ƙanƙanta, kuma ba laifi ba ne idan karatu kawai yara za su yi a kai, amma jarrabawar da ɗalibai da yawa za su danna amsa a lokaci guda ta fi son na'ura mai ɗan ƙarin ƙarfi.

Daga wannan wat 25 ne za ka san batirin da za ka saya. Batirin litiyom na samfurin LiFePO4 mai bolt 12.8 da amfa 50 na awa guda (50Ah a jikinsa) yana riƙe da wat 640 na awa guda, wato a lissafin alli zai ɗauki sabar sama da awa ashirin da biyar, a aikace kuma ka sa ran abin da bai kai haka ba kaɗan. Wannan ya ishe ka yinin makaranta biyu ko uku ba tare da caji ba, nauyinsa kuma bai wuce kilo shida zuwa bakwai ba, saɓanin batirin dalma mai amfa 100 da ke kai wa kilo talatin, wanda kuma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. A matsayinka na malamin lissafi ba sai na yi maka bayanin abin da kilo talatin zai yi wa bayan babur a hanyar da damina ta cinye ba.

Ga inda nake so ka natsu. Yawancin mutane idan sun sami batir sai su saya masa inbata, ta mayar da wutar batir zuwa bolt 230 irin ta gida, sannan akwatin wutar kwamfuta ya sake sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da allon yake buƙata. Wannan zagaye ne na banza, kamar mai zuwa Zariya daga Funtuwa ya bi ta Kano, kuma a kowane juyi ana asarar wani kaso na wutar, asarar kuwa zafi take zama a cikin akwatinka. Abin da ya fi shi ne ƙaramar na'urar da ke karɓar wutar batir kai tsaye ta raba wa allo, irin wadda aka sani da picoPSU, wadda girmanta bai wuce 'yan yatsu biyu ba. Amma ka kula da samfurin da za ka saya, domin na gama-gari yana miƙa wa allo bolt 12 ɗin da aka ba shi yadda ya zo ba tare da gyara ba, alhali batirin litiyom yana hawa har bolt 14.6 a lokacin caji. Ka nemi wanda aka rubuta yana karɓar wuta mai hawa da sauka, irin wanda ake yi domin motoci. Sannan ka sa fiyus a kan wayar da ta fito daga jan kan batir, kusa da batirin sosai, domin batiri irin wannan idan wayoyinsa suka haɗu a cikin akwatin ƙarfe ba tartsatsi kaɗai zai yi ba, waya zai narkar.

Game da ajiya, kada ka sa faifai mai juyawa. Irin wannan faifan yana juyi dubu biyar da ɗari huɗu ko dubu bakwai da ɗari biyu a minti guda, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani, saboda haka girgizar hanya abokiyar gabarsa ce. Faifan ajiya na SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma mai gigabayit 500 ya wadatar da kai.

Yanzu sai akwatin. Dabarar da ta fi sauƙi, wadda na daɗe ina ba masu tambaya, ita ce ka nemi mataccen akwatin kwamfutar tebur a wurin masu gyara, ka sa a yanko maka farantin da uwar allo ke zama a kai tare da bangon bayansa mai tagar da ramukan waya ke leƙowa, sannan a ɗaure wannan yanki gaba ɗaya a cikin akwatinka da ribiti ko noti. Ta haka ka huta da awon ramukan sukurori huɗu na allon, ka huta da yanka tagar baya wadda dole ta yi daidai da awon da aka ƙayyade mata, kimanin santimita 15.9 da 4.4. Allon ba ya kwanciya a kan ƙarfe kai tsaye. Akwai 'yan ƙafafu na tagulla masu tsayin kusan milimita shida da ke ɗaga shi, kuma idan aka manta da su, ko aka bar ɗaya a inda babu rami, bayan allon zai taɓa ƙarfe ya ƙone.

A nan zan faɗa maka abin da ya taɓa samuna, ko da yake ba labarin alfahari ba ne. Na gama haɗa irin wannan akwati, komai ya zauna, sai na ga ya kamata in ƙara rami ɗaya domin maɓallin kunnawa, ganda kuma ta hana ni kwance allon. Na rufe shi da tsumma na huda ramin, na busa da baki, na kunna. Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, wani siririn wari ya taso, shi ke nan. Da na ɗaga allon a hasken rana sai ga wani ɗan garin ƙarfe, bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale tsakanin ƙafafu biyu na wani ɗan guntun da ke kusa da furosesa. Saboda haka duk yanka da huji da walda da goge baki a gama su a shagon mai walda, a kakkaɓe akwatin, a bi kusurwoyinsa da maganaɗisu, a goge da ɗanyen tsumma ya bushe, kafin wani kayan lantarki ya kusance shi.

Iska kuwa a ƙasarmu matsala biyu ce a haɗe, zafin bazara da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Ka sa a yanka rami ɗaya a ƙasa-ƙasa na gefe guda domin fanka mai santimita 12 da za ta riƙa turo iska ciki, da raga mai laushi a gabanta wadda za ka iya cirewa ka wanke, sannan a huda mafita a sama-sama na ɗaya gefen. Hikimar sa fankar ta zama mai turowa ita ce iskar cikin akwatin za ta ɗan fi ta waje matsi, don haka ta kowace kafa iska fita za ta riƙa yi, ƙura ba za ta sami hanyar kutsawa ba sai ta ragar da ka tanada. Batirin a yi masa ɗakinsa daban da shinge, a ɗaure shi da ɗamara yadda ba zai motsa ba. Soso yana da amfani a ƙarƙashin faranti domin shanye girgiza, amma kada a cusa shi a kewayen allo. Idan za a yi fenti a zaɓi mai haske, domin baƙin akwati a bayan babur da tsakar rana tanda ne.

Abu guda da masu akwatin ƙarfe ke mantawa shi ne ƙarfe yana tare siginar Wi-Fi. Idan ka rufe rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, a ciki, ɗalibin da ke benci na biyu ma da ƙyar zai same ta. Ko dai a fito da eriyoyinta waje ta ramuka, ko kuma, wanda na fi so, ka bar na'urar raba siginar a waje da doguwar waya, idan ka isa aji ka rataye ta a sama kusa da allon rubutu. A irin wannan aiki galibi rauta ce ke fara gazawa kafin sabar, don haka idan akwai inda za ka ƙara kuɗi, nan ne.

Manhaja ba za ta ci maka ko kwabo ba. Debian ko Ubuntu za su riƙe na'urar, Moodle zai ba ka damar shirya tambayoyi masu zaɓi da ƙayyade lokaci da fitar da maki nan take, Kiwix kuma zai ba yara damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Ka tabbatar ɗan batirin agogo da ke kan uwar allo, mai lamba CR2032, sabo ne, domin sabar da ba ta hawa intanet ba ta da inda za ta gyara lokacinta, jarrabawa mai ƙayyadadden lokaci kuwa da agogon take aiki. Kuma ka riƙa kwafe tambayoyinka da sakamakon ɗalibai a wani faifan da zai kwana a gida, domin abin da ke yawo a babur yana iya faɗuwa, yana iya jiƙewa, yana kuma iya ɓata.

TAMBAYA: Na ga ana sayar da manyan sabobi na gwanjo irin na bankuna da araha. Zan iya sayen ɗaya in sa a rage mini akwatinta ta zama ta ɗauka? Mai tambaya daga Kaduna.

AMSA: Ban ba ka shawarar haka ba, ɗan'uwa. Waɗannan an ƙera su ne domin su zauna a kanta mai faɗin inci 19 cikin ɗaki mai sanyi, tsawonsu yakan kai santimita saba'in, kuma allon da ke ciki ya cika kusan dukkan akwatin, don haka babu abin ragewa. Yawancinsu allonsu da akwatin wutarsu na kamfanin ne shi kaɗai, ba sa shiga wani gida. Ƙananan fankokinsu suna ƙara kamar injin niƙa, cin wutarsu kuma ya ninka na wanda na bayyana a sama sau da yawa, ta yadda arahar da ka samu a kasuwa za ka biya ta a man janareto. Idan lallai aikinka yana buƙatar irinsu, ka bar su yadda suke, ka nemi akwati mai taya irin wanda masu kayan sauti ke ɗaura amfilifaya a ciki, domin faɗinsa ɗaya ne da na kantar saba, sai dai ka auna zurfinsa kafin ka biya.

TAMBAYA: Ina aiki da wata ƙungiyar lafiya, kuma nakan bi jirgin sama da ƙaramar sabar da muke tattara bayanai a kanta. Za a bar ni in shiga da batirinta? Mai tambaya daga Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ƙa'idar da kamfanonin jiragen sama ke bi ita ce batirin litiyom da bai wuce wat 100 na awa guda ba ana shiga da shi a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin, abin da ya haura haka kuwa ba a ɗaukarsa a kayan fasinja. Ki ninka bolt ɗin da aka rubuta a jikin batirinki da amfa ɗinsa, za ki ga inda ya faɗa. Wanda na ba malamin Funtuwa shawara a kai, mai 640, ba zai hau jirgi ba. Mafita ita ce a haɗa akwatin yadda batirin zai riƙa cirewa da filogi ɗaya, ki tafi da sabar kaɗai, a tanadar miki wani batirin a inda za ki sauka. Kuma ki sa murfin ya zama mai buɗewa da hannu ba sai da sukundireba ba, domin akwati mai cike da wayoyi wanda ba na kamfani ba, jami'an bincike za su so su ga cikinsa.