Girkin walimar kammala karatu: "Yini ɗaya ne fa, wa zai sani?"

Wata ƙanwarmu ta rubuto daga Amurka. Mijinta na karatun digiri na uku a kan bizar ɗalibai ta F-1, ita kuma tana zaune a kan F-2, bizar da ake ba iyalin ɗalibi. 'Yar yayan mijinta za ta kammala jami'a a watan Mayu, sai facalarta ta ɗora mata girkin walima kacokan: shinkafa, kaji, kek da kayan zaƙi na mutum 120. Za a biya ta, har an ba ta shawara ta buga kati mai lambar wayarta a ajiye a kan tebura. Wani da suka sani ya ce yana da kamfani da lasisi, a karɓi aikin da sunansa ya cire kasonsa. Uwar mijinta kuma ta bugo waya daga gida tana cewa kada ta ba su kunya. Ta rufe wasiƙar da cewa: "Yini ɗaya ne fa, wa zai sani?"

Ƙanwata, ki yi girki idan kina so, amma kada ki karɓi ko dala ɗaya a kansa. Kin san F-2 ba ta ba ki damar aiki ba. Abin da ake ƙoƙarin mantar da ke shi ne, a wurin hukumar shige da fice sana'ar kai ma aiki ce, ta yini ɗaya ma aiki ce, kuɗi hannu da hannu ma lada ne. Ko maigidanki da ke da F-1, awa 20 a mako aka yarje masa lokacin karatu, a cikin harabar makaranta. Ba shi da ikon sayar da abinci a waje, balle ke.

Kika ce wa zai sani. Mutum 120 za su sani, kowa da waya a hannu. Za a ɗauki hoton tiren shinkafa a ɗora a Facebook, a rubuta sunanki, a ce mai son irinsa ya neme ki. Katin nan da za a baza a tebura shaida ce da kika buga da hannunki. Kuma maganar ba ta mutuwa a ranar. Duk lokacin da Allah ya kai ku neman katin zama na dindindin, fom I-485 zai tambaye ki ƙarara ko kin taɓa aiki a Amurka ba da izini ba. Kin ce e, kin buɗe wa kanki ƙofar matsala. Kin ce a'a, kin yi ƙarya a takardar da kika sa wa hannu, ƙaryar neman amfanin shige da fice kuwa tana iya rufe miki ƙasar har abada.

Shi kuwa mai aron lasisi, ki guje shi. Na ga irinsa fiye da sau ɗaya. Wata baiwar Allah ta yi wata uku tana girki da sunan kamfanin wani, kuɗi na shiga asusunsa. Ranar da ta nemi cikon haƙƙinta, abin da ya ce mata kawai shi ne: "Je ki kai ƙara mana." Ya san ba za ta iya ba. Ta zo wurina da littafin lissafinta a hannu, kowane oda da kwanan watansa, tana kuka. Lasisin sayar da abinci na wanda aka ba ne da kicin ɗin da aka duba, ba ya bin tukunyarki zuwa gidanki, kuma ba ya mayar da F-2 takardar aiki. Idan ya kai ga ce miki ki yi amfani da lambar Social Security ta wani, wato lambar shaidar da ake aiki da biyan haraji da ita a Amurka, ki tashi daga wurin a take.

Za ki ji wasu na cewa ai doka ta yarda a sayar da abincin gida. Jihohi da yawa sun yarda da irin su biskit da burodi, waɗanda ba sa buƙatar firji. Nama da dafaffiyar shinkafa galibi ba sa ciki. Sannan wannan dokar jiha ce ta lafiyar abinci, ba ruwanta da izinin aiki, wanda ke hannun gwamnatin tarayya.

Ko da babu maganar takardu, zan ja miki kunne. Girkin mutum 120 a kicin ɗin gidan ɗalibai ba wasa ba ne. Kaza sai tsakiyarta ta kai digiri 165 a ma'aunin Farenhait. Abinci mai zafi a riƙe shi daga 140 zuwa sama, mai sanyi daga 40 zuwa ƙasa. Wanda ya zauna tsakani fiye da awa 2 na zubarwa ne, awa 1 idan zafin gari ya wuce 90. Shinkafar da aka dafa da asuba ta yini a rufe a bayan mota tana iya kwantar da mutane, ɗumame kuma ba ya kashe gubar da ta riga ta yi. Idan baƙi suka kwana a asibiti, sunan wa za a kira?

Yanzu ga maganar dangi, kuma a nan ina bayanki. Facalarki ta san farashin masu girkin taro, shi ya sa ta zo wurinki. Sauƙin nata ne, kasadar taki. Takardunta ba za su girgiza ba idan naki suka lalace. Wannan ba zumunci ba ne. Uwar mijinki ba ta da laifi sosai, don ba ta san me ake kira F-2 ba, ta ji dai an ce amarya ta ƙi girki. Mai laifin shiru shi ne maigidanki. Shi ya kawo ki, shi ya san dokar, shi ya kamata ya tare miki.

Ga abin da nake so ku yi. Babban abinci a ba kamfani mai lasisi da inshora, a yi yarjejeniya a rubuce tun yanzu, don Mayu lokacin rububi ne. Ke ki ɗauki abin da za ki iya a matsayin gudummawar 'yar gida: kek ɗin yarinya, tire biyu ko uku na biskit. Su sayo fulawa, sukari da man shanu da kansu, kada kuɗi su ratsa hannunki ko asusunki, kuma ba kati a tebur. Ki manna 'yar takarda a gaban kowane tire mai nuna ko akwai gyaɗa, ƙwai, madara ko riɗi, domin akwai yaran da ƙwayar gyaɗa ɗaya ke toshe wa numfashi. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ku je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa ku tambaya kafin ranar.

Wayar gida kuma ba ke za ki buga ba. Maigidanki ya kira mahaifiyarsa a wannan makon, ya gaishe ta, ya ce: "Hajiya, dokar nan ce ta hana ta karɓar aikin, ni na ce kada ta yi. Amma kek ɗin jikarki da hannunta za ta yi shi."