Amsa ga mai tambaya kan batirin mota da ke mutuwa da bazara

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce batir biyu ka saya cikin shekara biyu, kowanne ya mutu wajajen watan Afrilu, kana tambaya ko jabu ake sayar maka. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ni da na daɗe a aikin wutar mota a nan Maradi, kafin in zargi mai shago sai na duba ruwan batirin da kuma alternatar, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki.

Batirin mota ɗakuna shida ne a ciki, kowane ɗaki da farantan dalma jiƙe cikin asid da ruwa. Ana auna ƙarfinsa a kan yanayi na digiri 25. Ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka na iya rage masa rabin rayuwa. To ka dubi garinmu daga Maris zuwa Mayu, inda ake wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kapo, gefen inji mai huci. Ruwan yana ƙafewa, asid ya yi kauri, saman farantan ya fito fili ya bushe. Wurin da ya bushe kuwa ya tafi ke nan, ko ka cika ruwa daga baya ba zai dawo kamar da ba.

Saboda haka da bazara ka riƙa buɗe murafan nan shida duk mako biyu, da safe, inji a sanyaye. Haska da tocila, kada ka kusanto da ashana ko taba, iskar da ke fita daga ciki tana kamawa da wuta. Ruwa ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya. In ya yi ƙasa, ruwan batir na kwalba za ka zuba, ba na rijiya ba, ba na famfo ba, ba piya wata ba, don gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Asid kuwa kada ka yarda a ƙara maka. Ruwa ne ya ƙafe, asid yana nan. Wasu yara a garaji suna juye batir su ɗura sabon asid, mota ta tashi da ƙarfi, mai ita ya yi murna, kafin wata ya zagayo ya dawo yana turi.

Amma zargina ya fi ƙarfi a kan alternatar, tunda batir biyu suka mutu a mota ɗaya. Je wurin mai wutar mota ya sa mita a gabanka. In mota ta kwana ba a tada ta ba, lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, caji ya kai rabi. Sai a tada inji, a ɗan taka totur: ya kamata ya tsaya tsakanin 13.8 da 14.4. In ya haura 15, regiletar, wato abin da ke daidaita ƙarfin cajin alternatar, ta lalace, dafa batirin take yi. An taɓa kawo mini wata Corolla mai zirga-zirga tsakanin Maradi da Dakoro, kafin in ɗaga kapo warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Gefen batirin ya kumbura, hannu ba ya iya taɓa shi, farin gari ya lulluɓe kawunan. Direban har ya yi cinikin sabon batir, alhali da ya sa shi haka zai dahu shi ma. Kuma don Allah kada ka bari a gwada maka alternatar ta hanyar cire kan batir inji na aiki. Motocin yanzu masu kwamfuta ba sa jure wannan.

In naka mara murafu ne, wanda ba a ƙara wa ruwa, ba ka da abin yi sai kare shi daga zafi da auna caji. Ni dai a ƙasarmu na fi son mai murafu ga wanda zai kula, don aƙalla kana ganin abin da ke faruwa.

Sauran ƙanana ne. Nemi inuwar dogon yaro ko rumfa. Rigar da wasu motoci ke zuwa da ita kewaye da batir, ba ado ba ce, tare zafin inji take, kada makanike ya yar da ita. A ɗaure batirin tamau, girgizar hanyar burji tana zubar da dalmar farantan. Garin da ke kan kawunan a wanke shi da ruwan ɗumi da bakin soda, a shafa giris, in za a cire waya a fara da ta ragi.

Sai abin da mutane ba sa son ji: cire batirin mota a kunna fanka da talabijin in wuta ta ɗauke da daren zafi. Ba don haka aka ƙera shi ba. Duk lokacin da aka tatse shi ƙarƙaf, wani abu ya ragu a jikinsa. Wannan aikin na batirin sola ne.

In za ka sayi na uku, duba ranar ƙira a jikinsa, kada ya wuce wata shida a ajiye, kuma a auna shi kafin ka biya. Ka turo mana lambar da mita ta nuna inji na aiki, da irin motar, sai in gaya maka ko regiletar kaɗai za a canja.