Jariri da cakulan: amsa daga Zongon Kumasi

'Yar'uwa, na ga tambayarki, wai ko gaskiya ne mu Hausawan Gana muna ba jarirai cakulan tun suna goye, tunda a ƙasar koko muke zaune. Ba haka ba ne. Na san goyonki kike tunani, don haka bari in fara da shi.

Wata 6 na farko nonon uwa ne zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, haka ma'aikatan jinya ke nanata mana duk ranar awo. Bayan nan sai kunu, da ƙwai, da kifi, da wake mai laushi. Cakulan kuwa ki bari sai yaro ya cika shekara 2. Sukari ne ya yi yawa a ciki, yana toshe ɗan cikin yaro ya ƙi abinci, yana kuma cin haƙoran da ke fitowa. Sannan akwai sinadarin da ke hana barci, irin wanda ke cikin goro, kuma baƙin cakulan ya fi yawansa. Wace uwa ce za ta tauna wa jariri goro? Wani cakulan ɗin kuma ana zuba masa madara da gyaɗa, ƙwayar na iya maƙale wa yaro a wuya. In kin fara ba shi, ki ba shi ɗan kaɗan da rana. Kika ga kuraje, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya canza, ki nufi asibiti nan take.

Abin da ya sosa mini rai shi ne zaton da ke bayan tambayar, cewa mun baro gida mun manta tarbiyya. Kakanninmu fataken goro ne, ta Gonja da Salaga suka biyo, tun kafin Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879. Gana na cikin ƙasashen da suka fi noman koko a duniya, amma yawancinsa buhu-buhu ake lodawa a tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi a fita da shi. Manomin da ya shanya shi ba kasafai yake sayen cakulan ba.

Na san haka ne domin ɗana 'yar Ashanti ya aura, iyayenta manoman koko ne. Lokacin auren, dangi daga Kano har cewa suka yi jikokina sun tafi ke nan, tunda Ashanti ta wajen uwa suke ƙirga dangi. To yarinyar nan ta musulunta, ran bakwai aka yanka rago aka raɗa suna, ta shayar da 'yarta shekara 2 cif kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Ita ce ma ke hana baƙi miƙa wa yarinyar alewa. Jikata tana jin Twi, yaren Ashanti, tana jin Hausa, tana zuwa makarantar allo da yamma. In mun je Kano a yi ta dariya don mun ce wa mace “ya zo”, a kira mu 'yan Gana. A nan kuma akwai dattawan da ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, maƙwabtanmu da yawa suka tafi ba su dawo ba.

Inda nake da ƙorafi, da mu da ku duka, shi ne garin cakulan na gwangwani da ake damawa da madara da safe. Ba a ɗaukarsa cakulan, sai ka ga an zuba wa ɗan wata 8 a kwalba ana cewa zai yi ƙiba. Shi ma ya jira shekara 2. Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, da kokon gero ta yaye mu duka, ta rage yajin, ta zuba ɗan garin gyaɗa, kuma har yanzu in aka kawo mini jika yaye shi nake damawa.