Soriyasis, biza da hankalin Hajiya

Wata ƙanwarmu 'yar Tudun Wada, mai aikin kula da tsofaffi a Mancesta ta Ingila, ta rubuto: "Likita ya ce soriyasis ne ya feso min a gwiwar hannu da fatar kai, har ya yi min tayin shiga gwajin sabon magani. Hajiyarmu ta dage jifa ne, in dawo Zariya. Ina tsoron bizata da aikina."

Ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ciwon nan ba kuturta ba ne, ba makero ba ne, kuma ba a ɗaukarsa, don haka tsofaffin da kike yi wa wanka ba abin da zai same su. Garkuwar jikinki ce ta yi kuskure take ingiza fata. Fatar da kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta, sai ta yi cikin kwana 3 zuwa 4, ta taru ta yi ɓawo tana ƙaiƙayi. A baƙar fata ba ja yake yi ba, toka-toka ne ko duhu, shi ya sa ake yawan ruɗewa. Sanyin can da ƙarancin rana kan tayar da shi.

Sababbin allurai irin su secukinumab da risankizumab suna toshe 'yan aiken garkuwar ne, IL-17 da IL-23. A 2022 Amurka ta amince da ƙwayar deucravacitinib, ana kuma ci gaba da gwada wasu. Gwajin da son ranki ne, kina iya fita duk ran da kika so, kuma ƙin shiga ba ya taɓa biza ko maganinki na NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya. Amma kafin sa hannu ki tambaya: za a iya ba ki maganin bogi, wanda ba komai a cikinsa, don kwatance? In gwajin ya ƙare, wa zai ci gaba da ba ki?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya shafe mu 'yan Najeriya. Dole a auna ki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B tukuna, domin maganin da ke sassauta garkuwa kan farkar da su. In za ki zo sallah, ki gaya wa likitocinki da wuri: ba a yi wa mai shan irin waɗannan magunguna rigakafin shawara, allurar maganin kuma tana son firij, kin dai san wutarmu. Ki guji man bilicin da sauran mayukan kasuwa, suna lafar da ciwon ne ya dawo da ƙarfi.

Hajiya kuwa tsoro ne da ƙauna, kada ki yi musu da ita. Ki roƙe ta addu'a, sannan ki sa yayanki ya kai ta wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Shika da hoton wurin ciwon, ta ji bayani da Hausa daga bakin likita.