Amsar tambayar ƙanwarmu kan jaridun coci a Afirka ta Kudu

Salama gare ku 'yan'uwa. Ƙanwata, na ji tambayarki, wai yaya aka yi mutanen da ba sa fashin sujada ran Lahadi suka yarda da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. To, bari in ba ki ta ɓangaren jaridu, don nan ne ba a cika dubawa ba.

Babbar ekklisiyar Turawan Afirkana, wato fararen fata na can waɗanda galibi asalinsu Holland ne, wadda ake ce wa NGK a taƙaice, tana da jaridarta, Die Kerkbode. Wannan jarida fa har falo take shiga, maigida ya karanta, uwargida ta karanta. A 1948, shekarar da jam'iyyar wariya ta hau mulki, jaridar ta fito fili ta ce ai raba mutane bisa launin fata manufar ekklisiya ce tun asali. Kuma da ayoyi ake kafa hujja, a ɗauko Hasumiyar Babila a Farawa sura 11, a ce Allah ne ya raba al'ummai, kada mutum ya haɗa. Kin ga wanda ya taso da wannan karatu, da wuya zuciyarsa ta kashe shi idan ya hana baƙar fata zama a bencin cocinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na 1960. A watan Maris 'yan sanda suka harbe baƙaƙen fata 69 masu zanga-zangar ƙin dokokin wariya a garin Sharpeville. A Disamba Majalisar Ekklisiyoyin Duniya ta kira taro kan batun wariyar a Cottesloe, cikin Johannesburg. Wakilan NGK ma suka amince cewa ba za a kori mai bi daga coci saboda launinsa ba, kuma Littafi Mai Tsarki bai hana auren fari da baƙi ba. Sai Firayim Minista Verwoerd ya yi tsalle ya dire, editan Kerkbode na lokacin, Andries Treurnicht, ya yi ta saran yarjejeniyar a shafinsa. A 1961 ekklisiyar ta janye, ta ma fice daga Majalisar. Wannan editan, daga baya shi ya kafa jam'iyyar 'yan ra'ayin riƙau a 1982, don kin san irin mutumin.

Wani faston NGK, Beyers Naudé, ya gane inda gizo ke saƙa. A 1962 ya fara tasa mujallar, Pro Veritate, wato domin gaskiya. 'Yar ƙarama ce, amma ayoyin nan dai ta ɗauko ta karanta su daidai. Shekara ɗaya bayan haka sai da ya ajiye aikin fasto. A Oktoba 1977 gwamnati ta haramta mujallar, shi kuma aka ɗaure masa baki shekara bakwai.

 NGK ɗin sai a 1986 ta fara amsa cewa kafa wariya da Littafi kuskure ne.